Turmin Inna a Ƙarƙashin Kamiyo

Babanku bai bar tuƙin mota don ya gaji ba, kuma ba ciwon ido ya raba shi da ita ba kamar yadda wasunku suka taso suna ji. Karɓe mishi permi aka yi, wato lasin tuƙi, a shekarar farin nan na biyu, lokacin soji na riƙe da ƙasa. Shi bai taɓa zama ya ba ku labarin ba har Allah ya karɓi abinsa, ni kuma yana raye ban ga dalilin da zan riga shi magana ba. Yanzu waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa, shi ya sa nake so ku ji shi daga bakina.

Ni 'yar Hawandawaki ce, aure ya kawo ni garinku, nan kan hanyar rairayin da ta tashi daga Tasawa ta nufi Mayahi. A daminar da nake ba ku labari, gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi fari, iska ta kwantar da shi. Kafin rani ya raba, mazan gari masu ƙarfi sun yi kudu neman abin da za su aiko, aka bar tsofaffi da mata da waɗanda ba su da kuɗin mota. Anza muke ci. Mu tsinko ta a daji, mu jiƙa, mu yi ta sauya mata ruwa kwana da kwanaki har ɗacin ya ragu, sa'an nan mu dafa. A gidanmu mu uku ne: ni, da 'yata Zuwaira tana goye a bayana, da kakarku Inna, mahaifiyar babanku. Inna mace ce doguwa mai kaifin baki, ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ba ta faɗin sunan babanku saboda shi ne ɗanta na fari, sai dai ta ce Mai Mota. Tana da wani turmi na kirya da ta zo da shi gidan aure, mai nauyin da sai mace biyu ke kawar da shi. A shekarar nan kife shi ta yi a gindin danga, kaji ma babu balle su hau. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da lokacin ke nan, ka tashi da safe gari duka babu ƙarar daka ko ɗaya.

Babanku kuwa yana cikin direbobin da aka ɗauka suna rarraba hatsin taimako, jar dawar nan da ake kawowa daga waje. Mutane sun ɗauka gidan direba ba ya kwana da yunwa. Wallahi ko ƙwaya bai taɓa shigo mana da ita ba. In ya samu wucewa, ɗan garin rogon da ya saya da albashinsa yake miƙo mana ta kan danga, ya gaida Inna a tsaye, ya koma mota, don kullum akwai soja a gefensa.

Ranar da abin ya faru, hantsi ya ɗaga, muna zaune muna sauya ruwan anza, sai muka ji kukan kamiyo, babbar motar kaya, daga gabas. Na san motarsa ce tun daga nesa. Ta zo daidai kwarin da ke bayan masallaci, sai muka ji wata ƙara kamar an sare icce, injin ya mutu. Na kama Zuwaira na fita, Inna na biye da ni. Muka tarar da motar ta karkace ta baya, ɓangaren hagu ya zauna a kan taya, buhuna jibge a kanta har sama. Babanku ya durƙusa yana leƙa ƙasanta. Rasor ne ya karye, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da jikin mota a kan ƙafafun baya. Kusa da shi wani sarjan ne tsaye da bindiga, saurayi siriri, mutumin yamma can bakin kogi, Hausarsa da nauyi. Kafin a jima duk wanda ke iya tafiya a garin ya fito. Buhunan kawai ake kallo.

Sarjan ya dubi mutane, ya dubi babanku, ya kira shi direba da Faransanci, ya ce:

"Shofer, kana da wani ƙarfen?"

"Ina da shi, a bayan kujera yake."

"To sa kirik ka ɗaga, ka shiga ka sauya. Mutanen Tchake na jiranmu tun jiya."

Kirik shi ne abin ɗaga mota, wani guntun ƙarfe mai mai a ciki, ana buga mishi hannu yana tashi. Babanku ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya ce:

"Sarjan, ban shiga ƙarƙashinta da kaya a kai. Rairayi ne nan, kirik nutsewa zai yi ko shi goce. Sai an sauke buhunan, an samo abin da za ta zauna a kai."

Na ga fuskar yaron nan ta sauya. Ya matso kusa da shi, ya rage murya, amma ina jin su.

"Ka dubi mutanen nan. Ka ce in sauke hatsi a gabansu? An gaya mini in buhu ɗaya ya taɓa ƙasa kafin Tchake, ni zan amsa. Kai ka san inda ake kai wanda ya amsa."

"Na sani. Amma wanda ya koya mini tuƙi a ƙarƙashin motar gyaɗa ya mutu, ni na jawo ƙafafunsa. Kirik ɗaya ya amince wa. In ta faɗo mini, hatsin ma ba mai kai shi."

Sarjan ya ɗaga murya, ya yi ta Faransanci, ya ce umurni ne. Ya sauko da bindigar daga kafaɗa. Ban ce ya nuna babanku da ita ba, don bai nuna ba, amma a zamanin nan soja in ya ce umurni ne, magana ta ƙare. A zuciyata ina cewa ya shiga mana, Allah zai kiyaye, kada a harbe shi a gaban uwarsa. Babanku kuwa ya je ya zauna a inuwar motar, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Inna ce ta ratsa mutane ta isa gaban sojan. Ta fi shi tsawo.

"Yaro, uwarka na da rai?"

Ya ce tana nan.

"To ni ce uwar wancan. Ba ni da wani namiji sai shi. Kai tsoron mu kake ji, mu kwashe hatsi. Mu ma mun san na mutanen Tchake ne, ɗiyar ƙanena can take aure. Ka bari a sauke. In anka taɓa, ni ka fara kamawa."

Mai gari, wani tsoho da ake ce wa Baba Nomau, ya sa baki. Ya ce a shimfiɗa tabarmin masallaci a jera buhunan a kai, shi da liman za su zauna a gefe, soja ya tsaya da bindigarsa ya gani. Sarjan ya daɗe yana kallon hanya, gabas da yamma, ko wata mota za ta ɓullo. Babu mai zuwa. Ya share zufa da hularsa, ya ce a sauke.

Ku da kuka taso cikin ƙoshi ba za ku gane abin da na gani a ranar ba. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su ga tuwo ba, su ne suka riƙa ɗaukar buhun dawa a ka, mutum uku a kan buhu ɗaya don ba ƙarfi, suna ajiyewa a kan tabarma suna komawa. Ƙanshin hatsin ya cika wurin. Yara suka matso, iyayensu suka kore su baya. Akwai wani Bafillace, Jaɓɓi, da shanunsa suka ƙare a shekarar ya zo ya raɓe a bayan gari da iyalinsa, shi ma ya tuɓe riga ya shiga aikin ba wanda ya kira shi.

Da mota ta yi sauƙi, babanku ya tashi. Ya sa ta a giya, ya ja birkin hannu, ya ce a nemo mishi icce. To icce kuma a shekarar nan an sare an sayar, har ƙyauren ɗaki wasu sun kai kasuwa. Baba Nomau ya tuna da rijiyar gabas da ta ƙafe, aka je aka ciro gumagumen bakinta, masu zanen igiya a jiki. Babanku ya tokare ƙafafun gaba da guntaye, gaba da baya, ya bi su da dutse yana bugawa har suka kama. Ya karɓi hauya ya kwashe rairayin da ke ƙarƙashin motar sai da ya kai ga ƙasa mai tauri, ya kwantar da gungume mafi faɗi, ya ɗora kirik a kai. Sai ya tsaya yana waige-waige. Abin da ya rage na iccen bai kai tsawon da zai riƙe shasi ba, wato dogon ƙarfen da jikin motar ke kwance a kai. Ya ce yana son abu mai kauri, mai gindi, wanda ba ya mirginawa.

Inna ta dube ni ta ce:

"Rabi, tashi mu tahi."

Ni da ita da wata maƙwabciya muka mirgino turmin nan tun daga gida har kwari. Matar liman ta ga haka ta sa aka kawo nata. Babanku ya shafa na Inna, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce:

"Inna, zai iya tsagewa."

"Mi nike dakawa a ciki? Sa shi."

Ya fara buga kirik a hankali. Motar ta ɗan tashi, ya tsaya, ya cusa icce. Ta ƙara tashi, ya ƙara wani. Bai yarda ko hannunsa ya shiga tsakanin ƙarfe da taya ba. Da ta kai inda yake so, ya kife turamen biyu a kan gumagumai, ya tura su da sanda har suka daidaita a ƙarƙashin shasi, sa'an nan ya sassauta kirik kaɗan-kaɗan har nauyin ya sauka a kansu. Muka ji iccen ya yi ƙara, ya yi shiru. Ya kira maza ya ce su kama jikin motar su girgiza iya ƙarfinsu. Suka girgiza, ba ta motsa ba. Ya ce su ƙara. Sai a lokacin ya yi bisimilla, ya kwanta da baya, ya shige.

Ƙafafunsa kawai nake gani. Rana ta take, Zuwaira na kuka a bayana, ban ma san tana yi ba sai da wata ta karɓe ta. Ƙusoshin sun yi tsatsa, yana ta fama, yana kiran abin da yake so, ba wanda ya san sunayen sai sarjan. Ban ga lokacin da ya jingine bindigarsa ba, na dai gan shi durƙushe yana miƙa mishi sifana da guduma. Ana cikin haka, babanku na dukan wata ƙusa da ta ƙi fita, sai kirik ɗin da ya bari a tsaye don ƙari ya goce, ya faɗi a rairayi. Motar ta yi wani nishi, ta sauko kamar faɗin yatsa. Turmin Inna ya tsage daga baki zuwa tsakiya, muka ji ƙarar, amma bai buɗe ba. Mata suka yi salati. Daga ƙarƙashi muka ji muryarsa:

"Lahiya lau nike. Kowa shi tsaya inda yake."

Ya fito, ya sake kafa kirik, ya ƙara icce a gefen turmin, ya sa aka sake girgizawa, ya koma ya ƙarasa aikinsa. Sarjan ya zauna daɓas a ƙasa. Ya daɗe yana kallon kirik ɗin nan. Inna ta aika aka kawo mishi ruwa a ƙwarya, ya sha.

Da la'asar ta gabato an gama, aka sauke motar, aka shiga mayar da kaya. A nan ne abin da ya raba babanku da tuƙi ya faru. Mutane sun gaji, tun safe ba abin da ya shiga cikinsu. Jaɓɓi da wasu biyu suna ɗaga buhu, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi. Buhun ya kama ƙarfen kusurwar mota ya yage tun daga sama har ƙasa, dawa ta watse cikin rairayi, ja wur. Jaɓɓi na kwance yana cewa a yafe mishi, ba da gangan ba ne. Babanku ya tattara abin da ya rage a buhun, bai kai rabi ba, ya ɗaure da igiya ya jefa sama. Sauran ya gauraye da ƙasa, kuma rana na faɗuwa, ba lokacin tsayawa a tsince. Kowa ya zuba wa sarjan ido. Shi kuma ya dubi hatsin, ya dubi yaran da iyayensu ke riƙe da su, ya ɗauki bindigarsa ya ce:

"Shofer, zan duba ƙafar gaba. Ka gama ɗaure tanti mu tafi."

Ya zagaya can gaban motar ya ba mu baya. Babanku ya zo kusa da ni yana ɗaure igiya, ya ce a hankali:

"In mun tashi ku kwashe. Ku kai wa mai gari shi raba. Kada a manta da gidan Jaɓɓi."

Suna tashi muka durƙusa da faifai da rariya. Mun tankaɗe rairayin kwarin nan har sai da ido ya daina gani. Baba Nomau ya raba da ɗan ƙoƙo, gida-gida. Turmin matar liman aka yi ta zagayawa da shi. Kunu muka dama, da tsakuwa a ciki tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Na sha, Inna ta sha, Zuwaira ta sha. Wannan shi ne hatsin da aka ce babanku ya sata.

Ya kai kayan Tchake a daren, aka raba wa mutane washegari. Da suka koma Tasawa, aka ce kaya bai cika ba, kuma a garin direba motar ta tsaya yini guda, aka sauke buhuna. Kowa ya ji haka ya san abin da zai zata. Daga baya wani direba abokinsa ya gaya mana yadda aka yi a ofis. Sarjan ya faɗi gaskiya, ya ce rasor ya karye, buhu ya yage. Aka tambaye shi wa ya ba da izinin saukewa. Kafin ya buɗe baki babanku ya ce shi ne, shi ya ƙi taɓa motar, soja ya hana bai ji ba, kuma shi ya ce mutane su kwashe abin da ya zube. Aka tsare shi, aka karɓe permi. Mun yi makonni ba mu san inda yake ba. Baba Nomau ya hau jaki ya je ofishin don ya yi bayani, ba a bar shi ya wuce ƙofa ba. Inna ta daina magana. Ku da kuka san ta kun san abin da wannan ke nufi. Da safe sai ta ɗauki tabarma ta zauna a ƙofar gida tana fuskantar gabas, ba ta shigowa sai rana ta kore ta.

Na tambayi babanku, shekaru bayan haka, me ya sa ya ɗauke wa sojan laifi. Ya ce shi direba ne, iyakarta a kore shi, amma yaron nan da ya ce shi ya ba da izini, ba kora za a yi mishi ba. Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da shi a lokacin. Albashin nan shi ne garin rogonmu, kuma bayan ya yanke mun sha wuyar da ban son tunawa. Awakina biyu da suka rage a nan suka tafi, da zannuwan aurena.

Da aka sake shi, a ƙasa ya dawo, tun daga Tasawa, kwana biyu bayan ruwan farko ya sauka. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, takalmin a hannu. Ya durƙusa ya gaida Inna. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce:

"Ka ci abinci?"

Ya ce a'a. Na kawo mishi abin da ke akwai, ya ci, ya kwanta. Washegari da sassafe na ji Inna na haƙa a cikin ɗakinta. Ta fito da wani ɗan tulu da aka liƙe bakinsa da laka, ta fasa a gabanmu. Irin gero ne, gauraye da toka. Duk yunwar nan da muka sha yana binne a ƙarƙashin gadonta, ni da nake share ɗakin ban sani ba. Ta tura wa babanku sungumi da ƙafa, ta ce ƙasa ta jiƙa, ba ta jiran kowa.

Rabonsa da gona tun yana saurayi. Muka fita mu uku, shi a gaba yana sara, ni ina bin sa ina zuba iri ina rufewa da diddige, Inna a gindin gawo da Zuwaira a cinya. Kafin hantsi hannunsa ya yi bororo ya fashe. Bai tsaya ba, bai kuma yi magana ba, tun da ya dawo ma maganarsa ba ta wuce gaisuwa. Da muka kai ƙarshen gona muka juyo, Inna ta miƙe ta sa hannu a goshi tana duban abin da ya shuka. Layin ya tafi ya karkace, ya dawo, ya sake karkacewa.

"Mai Mota," ta ce, "haka kake tuƙin? Ashe Allah ne ke kai mutane gida."

Babanku ya juya ya dubi layin. Ya jingina da sungumi, kafaɗunsa suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace mishi, har da hawaye. Inna ta koma ta zauna tana gyara wa Zuwaira zane, ta ce ya yi maza, rana na yi, kuma saura gonar yamma.